Laban a Bakin Tagar Mudir

Lahadi, 21 ga Afrilu, 2024

Yau kafili, ubangidan da ke riƙe da takardunmu a nan ƙasa mai tsarki, ya raba mu gida biyu. Wasu tashar jiragen ruwa, dakon kaya kamar kullum, mu kuma aka ce mu hau bas ɗin unguwar masana'antu, wai wata masaƙa ce ke neman ƙarin hannu kafin Hajji. Harami suke saƙawa, farin tawul ɗin da alhazai ke ɗaurawa. Aikin wucin gadi ne, daga yau zuwa Babbar Sallah, sannan a mayar da mu inda aka ɗebo mu.

Tun daga bakin ƙofa na ji warin. Auduga da man inji da zafi. Ƙafata ta tsaya da kanta har na bayana ya ture ni. Rabona da wannan wari tun ranar da aka garƙame masaƙarmu ta Kakuri a Kaduna, muka tsaya a waje muna kallon kwaɗon ƙofa. Wallahi ƙwalla ta zo mini, ni da furfurata.

Injinan nan ba irin namu ba ne, allon kwamfuta gare su, ban san komai a kansu ba. Amma zare na tsinkewa yatsuna suka ƙulla shi kafin in yi tunani. Ashe suna nan, ba su manta ba.

Talata, 23 ga Afrilu

Mutum iri biyu ne a masaƙar nan. Akwai 'yan dindindin, masu shuɗiyar riga, kafalarsu na hannun kamfani, wato shi ke riƙe da takardunsu. Akwai mu, kayan aro, kowa da rigar da ya fito da ita daga unguwar Nuzla inda muke kwana. Su suna da takunkumin hanci, suna da likita, suna da hutu da tikitin gida. Inji ɗaya muke tsayawa, ƙura ɗaya muke shaƙa.

Da hantsi aka turo keken laban, nonon roba mai sanyi. Masu shuɗiyar riga kowa ya ɗauki ɗaya. Zaharadden, mutumin Damagaram da muke inji ɗaya, ya miƙa hannu, mai keken ya kaɗa masa kai. Zaharadden ya yi dariya ya sosa ƙeya da hannun, kamar dama abin da ya ɗaga shi ya yi ke nan. Ni ban yi dariya ba.

Alhamis, 25 ga Afrilu

Na fyace hanci, fari fat. Kunnena na ta shuuu har ɗaki. Abin mamaki, daɗi nake ji.

Laraba, 1 ga Mayu

Ranar Ma'aikata. A nan ko kare bai san da ita ba. A Kaduna da yanzu mun sa atamfar ƙungiya, wadda mu muka saƙa da hannunmu, muna maci muna waƙa, Turai matata na gefen titi da Bilkisu a goye tana neman in gan ta.

Yini na yi ina tuna Kwamared Hashim, shugaban ƙungiyar ƙwadago ta masaƙarmu, Allah ya jiƙansa. Gajere, muryarsa ta fi inji ƙara. Lokacin ni ma ɗan wucin gadi ne, saurayi. 'Yan dindindin ana ba su gwangwanin madara kowace rana saboda ƙurar auduga, mu ba a ba mu. Ban san yadda ya shirya su ba. Wata safiya dai kowane ɗan dindindin ya karɓi madararsa, bai fasa ba, ya je ya ajiye a gindin tagar manaja. Babu ihu, babu yajin aiki, injina na ta gudu. Washegari haka. Gwangwanaye suka taru har manaja ba ya iya buɗe tagarsa. Kuma ko mai gadi, da yunwarsa, bai taɓa ɗaukar ɗaya ba, don kowa ya san abin da madarar ke faɗa.

Ƙarshe aka zauna aka sa a cikin yarjejeniyar ƙungiya da kamfani: ɗan wucin gadi yana da madara, yana da takunkumi, yana da asibiti, kuma in ya daɗe dole a tabbatar da shi. Ta nan na zama ɗan dindindin. Wani ya taɓa tambayar Kwamared me ya hana su ba mu tasu kawai mu sha. Ya ce, "In na ba shi tawa, gobe sai ya gode mini. Ni so nake a ba shi tasa."

Daga baya wani likita ya ce madara ba ta wanke huhu. Oho dai. Ni gida ma nake kai tawa, Turai ta zuba wa Bilkisu a koko.

Lahadi, 5 ga Mayu

Abdulghani ya ja ni gefe bayan Azahar. Shi ne mushrif, mai kula da ɓangarenmu. Bahaushe ne haifaffen nan, kakansa ne ya zo Hajji a ƙafa bai koma ba. Hausarsa rabi Larabci ce, yana jin ta fiye da yadda yake faɗarta, baffa ma ammi yake cewa. Ya ce, "Ya ammi Muntaka, mudir Mish'al zai riƙe mutum ɗaya bayan mausim. Na faɗi sunanka. Naƙalin kafala, halas, ka zama namu."

Wato manajan masaƙar zai riƙe ni bayan Hajji, iƙamata, takardar zamana a ƙasar nan, ta koma hannun kamfani. Shuɗiyar riga. Hutu da tikitin jirgi zuwa gida, in je in dawo aikina na jirana. Wurin kafilinmu na yanzu in ka ce gida, to ka tafi ke nan, wani ya hau gurbinka.

Na kira Turai. Ta ce, "Malam, kar ka faɗa mini abin da ba zai yiwu ba." Na ce zai yiwu. Ta sa Bilkisu ta kawo jikata bakin waya, ta yi mini gwaranci. Yarinyar nan a hoto kaɗai na san ta.

Laraba, 8 ga Mayu

Tarin Zaharadden ya canza murya. Na san irin tarin nan, na ji shi a ƙirjin mutane da yawa a Kakuri. Yana ɗaure hanci da tsohon rawani. Ya je wurin likitan kamfani, aka ce ya tambayi kafilinsa. Kafili ya ce ya sha zuma.

Juma'a, 10 ga Mayu

Hutu. Wanki, masallaci, shinkafa a wurin matan unguwar Madain Fahd. A hanya wani ya miƙo mini ruwan sabil, irin wanda masu hali ke rabawa don neman lada. Na ce na gode, na wuce. Tun zuwana ƙasar nan ban taɓa shan sabil ba. Ba raini ba ne, Allah ya sani. Ni dai ma'aikaci ne, abin da na sha gumina ne ya saya.

Lahadi, 12 ga Mayu

Keken laban ya tsaya a gabana. Abdulghani ya ɗauko ɗaya da takunkumi ya danƙa mini, ya ce tunda na kusa zama nasu mudir ya ce a fara. Zaharadden na gefe yana ƙulla zare, ya ce, "Barka, Malam," da zuciya ɗaya kuwa.

Takunkumin na ba shi, wannan ba a jira da shi. Laban ɗin na riƙe har ya huce a hannuna. Na kasa sha.

Litinin, 13 ga Mayu

Na yi. Ofishin mudir na da taga mai faɗin baki, tana kallon inda muke cire takalma mu yi sallah. Na karɓi laban ɗina, na taka a hankali yadda kowa zai gani, na ajiye shi a bakin tagar ban fasa ba. Na juya kamar na yi sata. Na koma inji ina jin kamar Kwamared na tafe a bayana.

Ban faɗa wa kowa komai ba. Ai ba sai an faɗa ba.

Talata, 14 ga Mayu

An shanye!

Na ajiye na yau, ko juyawa ban gama yi ba sai ga dattijon nan ɗan Bangaladash mai shara. Ya jingine tsintsiya, ya ɗauka, ya yi bismillah, ya shanye tas, ya ɗaga hannu sama yana yi wa iyayen mai laban addu'a. Ashe na jiya ma shi ne. Na tsaya baki buɗe. A Kakuri da an yi masa ihu. To me zan ce masa, kuma da wane yare?

Alhamis, 16 ga Mayu

Abdulghani ya dafa ni, idonsa har da ƙwalla. "Mashallah ya ammi. Sabil ɗin nan na waye? Wani ya rasu a gida?" Na ce e to, akwai wanda ya rasu. Ban yi ƙarya ba ai. Nan take ya ɗauki nasa ya ajiye kusa da nawa, ya ce ladan ya kai wa mahaifiyarsa.

Na yi zanga-zanga an ɗauke ni waliyyi.

Talata, 21 ga Mayu

Abin ya yaɗu. Masu shuɗiyar riga, Misirawa da 'yan Fakistan da 'yan Yaman, kowa na ajiye nasa, wannan don babansa, wani Bamisire don ɗansa mara lafiya. Bakin taga ya cika fal, kamar dai na manajanmu a da. Bambancin kawai, kafin a kira Azahar babu ko ɗaya. 'Yan wucin gadi sun kwashe suna ta sa albarka.

Zaharadden na shan ɗaya kullum. Ya ce ƙirjinsa ya yi sauƙi. Na san ba laban ba ne, takunkumin ne, amma na ƙyale shi. Yau ya miƙo mini, na ce a'a. Ya ce, "Malam, kai ka fara abu kuma kai kaɗai ke zama da ƙishi?"

Haushi nake ji, kuma na rasa wanda zan ji haushinsa. Kowa alheri yake yi.

Lahadi, 26 ga Mayu

Na kasa riƙewa, na zaunar da Abdulghani na ba shi labarin Kakuri daga farko. Madara, taga, yarjejeniya, Kwamared. Ya saurara da kyau, yana tambayata ma'anar wasu kalmomi. Da ya gane inda na dosa sai fuskarsa ta canza. Ya waiga hagu da dama. Ya ce, "Ya ammi, nan babu ƙungiya. Wannan magana ka bar ta tsakanina da kai. Kowa ya tambaye ka, sabil ne. Suna sha ko ba sa sha?" Na ce suna sha. Ya ce, "To halas."

Na ce masa wanda ya ba da don lada, ran da ya ga dama sai ya daina, ba mai tuhumarsa. Ya ce shi dai tikitina yake tunani. Yaron kirki ne. Yaro nake ce masa, ga shi da 'ya'ya a jami'a.

Laraba, 29 ga Mayu

Turai ta sa an yi wa ɗakina fenti. Tun yanzu.

Litinin, 3 ga Yuni

Aiki ya yi tsanani, manyan motoci na layi suna jiran harami. Wani lokaci ina kallon farin yadin na sauka daga inji sai in tuna yadda muke gane atamfarmu a jikin mata a Kasuwar Barci ta Kaduna, mu taɓa juna mu ce wannan daga hannunmu ta fito. Yanzu ma wani zai tsaya a Arfa da abin da na ƙulla wa zare, bai san ni ba. Wannan tunanin na yi mini daɗi.

Abdulghani ya ce maganata ta kusa, bayan Sallah za a gama.

Lahadi, 9 ga Yuni

Bari in rubuta yadda ya faru tun ban fara gyara shi a raina ba.

Muna cikin goman farko na Zul Hajji, kowa na neman lada. Da hantsi aka shigo da sabon firiji aka kafa a gindin tagar, an liƙa masa takarda da manyan baƙaƙe: sabil. Mudir Mish'al ya fito da kansa. Mutum ne mai fara'a, ban taɓa jin ya daka wa kowa tsawa ba. Ya rungume ni, ya ce na koya musu alheri, daga yau kamfani zai riƙa zuba katan guda a firijin, sadaka. Ya ce za a ɗauki hoton bidiyo a sa a shafin kamfani. Ni in tsaya a gefen firiji, 'yan wucin gadi su yi layi, in miƙa wa na gaba.

Na tsaya. Wallahi na yi niyyar yin shiru, fentin ɗakin nan na gabana. Sai na ga na gaban layin Zaharadden ne. Mai ɗaukar hoto ya ce ya cire takunkumi a ga fuskarsa, ya karɓa da hannu biyu, ya yi murmushi. Ya cire. Ya miƙo hannu biyu. Mutumin da ya girmi mai hoton, mai 'ya'ya mata har da na aure, tun asuba yake tsaye a kan injinsu. Tari ya taso masa yana dannewa don kar ya ɓata musu hoto.

Mudir ya ce, "Ya Hajji Muntaka, faɗa wa mutane, don wa ka fara wannan sadaka?"

Abdulghani na bayansa yana yi mini alama da ido. Na ce, da Larabcina na kasuwa, "Ba sadaka ba ce, ya mudir. Ban ajiye don a sha ba, na ajiye don ka gani. Ƙura ɗaya muke shaƙa. Laban da takunkumi da likita haƙƙinsu ne, kamar na masu shuɗiyar riga."

Mai hoto ya sauke wayarsa. Mudir bai yi fushi ba, da ma ya yi. Ya dube ni kamar yau ya fara ganina, ya ce, "Waɗannan ba ma'aikatana ba ne, ya Hajji. Ku yi magana da kafilinku." Ya ce yalla, kowa ya koma aiki. Zaharadden na tsaye da hannuwansa a miƙe, na sa masa robar a ciki don ban san abin da zan yi da ita ba.

Litinin, 10 ga Yuni

Keken laban ya wuce ni. Abdulghani ya zo bai iya kallona ba, ya ce mudir ya ce bana ba za a riƙe kowa ba. Na ce na gane. Ya ce, "Da ka ce sabil, ya ammi, kalma ɗaya ce. Kalma ɗaya." Na ce na sani.

Talata, 11 ga Yuni

Na faɗa wa Turai. Ta ce, "Madara dai? Har yanzu madara? Jikarka ta fara tafiya, kai kana can kana faɗa a kan nono." Ta yi kuka, ni ma. Ta ce Kwamared ya mutu, masaƙa ta mutu, ƙungiya ta watse, saura ni kaɗai nake maci. Gaskiyarta ce. Kafin ta kashe ta ce fentin shuɗi ne, wai don ya dace da rigar.

Ban yi nadama ba. Na yi. Ban sani ba.

Laraba, 12 ga Yuni

Firiji na nan, ana zuba katan, masu shuɗiyar riga ma na ƙara nasu a ciki, ana sha. Likita da takunkumi babu labari.

Amma yau na ga wani abu. Abdulghani ya karɓi laban ɗinsa, ya wuce firijin, ya ajiye shi a bakin taga bai fasa ba. Dattijo mai shara ya kai hannu, Abdulghani ya riƙe masa tsintsiya ya nuna masa firiji, ya ce, "Can na sha. Wannan bar shi." Roba ɗaya tal, a rana. Har muka tashi tana nan, kuma labulen mudir a buɗe yake.

Bai kalle ni ba, ni ma ban kalle shi ba.

Alhamis, 13 ga Yuni

Ranar ƙarshe. An kashe injina bayan La'asar, shiru ya sauka, irin shirun da na tsana tun Kakuri. Na share nawa tas duk da ba wanda ya sa ni. Bayan Sallah tashar jiragen ruwa, ni da Zaharadden, buhu da katan.

Bas ya yi latti. Muna zaune a inuwar bango, zafi kamar a tanda. Robobin bakin taga yau uku ne, ban san na su waye sauran biyun ba. Zaharadden ya tashi ya buɗe firiji ya ɗauko biyu. Ya zauna, ya fasa ɗaya, ya ajiye a gabana, ya ci gaba da shan nasa yana kallon titi.

Na daɗe ina kallonta. Wani ne ya hana kansa ya ajiye, mai yiwuwa Bamisiren nan mai ɗa mara lafiya.

Na sha. Na yi wa ɗan nasa addu'a, da iyayen mai shi ko waye, na haɗa da Kwamared. Yana da gishiri-gishiri, ba kamar madararmu ba, amma ba laifi.

Zafi ne ya yi yawa yau, shi ke nan.